Ƙafar da Na Rufe da Fenti

Ni ne ba ni da gaskiya. Ba daga baya na gane haka ba, tun a ranar na sani, kuma wannan shi ya fi ba ni kunya. Kawuna ya faɗi gaskiya a gaban mutane, ni kuwa na sa aka yi masa dariya. Sai da tafiya ta kai ni bakin teku, na yi shekara biyu da 'yan watanni a ƙasar mutane, kafin bakina ya iya furta abin da ya kamata in faɗa tun a ƙofar masallacinmu.

Sunana Lawali. Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Anka da Bukkuyum. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, sai yayan Inna, Kawu Bawa, ya riƙe ni a maƙerarsa. Kawu yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk ƙarfen da ya ƙera, garma ko gatari, ba ya ba mai shi sai ya rataye shi da igiya, ya ɗan buga shi da ƙaramar masaba, ya karkata kai yana saurare. In ƙarar ta yi tsawo, ya ce lafiya lau. In ta mutu nan take, ya ce akwai ciwo a ciki, ya mai da shi wuta ko da mai kayan yana tsaye yana gaggawa.

Da na girma na tafi Gusau na koyi walda, na dawo da takardar shaida a cikin leda. Lokacin haƙar zinari ne, injinan niƙa dutse kullum cikin karyewa, aiki har ya yi mini yawa. Bayan gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Bagega, mutane suka ji tsoron ruwan tafki da na tsofaffin rijiyoyi. Aka haƙa mana burtsatse a ƙofar masallaci, mutanen unguwa suka ba ni aikin haɗa ƙarfen da tankin ruwa zai zauna a kai. Ƙafa huɗu ake so, na bututun ƙarfe. Uku na sayo daga Gusau, don na yi kuskuren awo. Ƙyuyar komawa ta hana ni, sai na ɗauko wani tsohon bututu da ke bayan shagona. Yana da tsaga kamar taƙi ɗaya kusa da gindi. Na zuba mata walda a sama sama, na shafe da fotin da masu gyaran mota ke cike lotsa da shi, na bi da shuɗin fenti. Ko ni sai na duba da kyau nake gane wurin.

Ranar da za a ɗora tanki, bayan la'asar, Kawu ya zo da masabarsa a aljihu. Ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana bugawa. Uku suka amsa. A ta huɗun ya tsaya, ya sake bugawa, ya sake.

Ya ce, "Lawali, wagga ƙahwa ba ta da lahiya."

Na ce, "Fenti ne ya kashe ƙarar, Kawu."

"Ukun ma ai da fenti."

Wani ya yi 'yar dariya, na ji fuskata ta ɗauki zafi. Na ɗaga murya na ce, "Wannan ba garma ba ce, Kawu. Aikin zamani ne. In kunne ya tsufa, sai a bar wa masu takarda."

Aka fashe da dariya. Mai unguwa ya ce, "Bawa, bar yara da zamaninsu." Kawu ya mai da masaba aljihu, ya ce, "To. Allah shi sa ni ne ban ji daidai ba." Ya juya ya tafi. Aka ɗora tanki, aka cika shi, mata suka yi guɗa.

Ba a daɗe ba aikin injina ya ragu. Wannan shi na gaya wa Inna da zan bar gida. Abin da ban gaya mata ba shi ne, na fara zagayawa ta bayan gari don kada in bi ta gindin tankin.

A Malanbil, da ka ƙetare gada daga Gaya, na haɗu da mutumin da ya fara koya mini hankali. Bahaushe ne, da farar riga da carbi, ya ce in kira shi Alhaji. Ya saya mini shayi, ya tambayi sana'ata. Da na ce walda, sai ya kama hannuna kamar ya ga ƙanensa. Ya ce jiragen ruwa a Kwatano masu walda suke nema ido rufe, abin da ya rage kawai a buga wa takardata hatimin ƙasar. Na ba shi ledar. Ya ce har jakar kayan aikina in kawo a rubuta su, kada a ƙwace a hanya. Na ba shi. Ya zaunar da ni a rumfar mai shayi, ya ce kafin azahar ya dawo.

Na yi azahar a nan, na yi la'asar. Mai shayin ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, kai ne na uku a watan nan." Na ce don me bai gaya mini ba? Ya ce, "Na yi maka tari har sau biyu, ba ka waiwayo ba." Takardar da na yi wa Kawu gori da ita ke nan, ko kwana uku ba ta yi a hanya ba.

Wani Bafulatani mai rakiyar shanu zuwa Lome, Jaɓɓi, shi ya tausaya mini. Ya ji Hausata ya ce, "Kai na wajen Gummi ne ko?" Na ce kusa da nan. Ya ce in hau bayan mota in taya shi ta da shanun da suka kwanta, kada 'yan'uwansu su tattake su. Kwana biyu muka yi a kan katakon saman motar, rana tana dukanmu, warin kashin shanu ya shiga har cikin haƙorana. Garin rogo da ƙuli yake da su, kuma duk lomar da ya yi sai ya miƙo mini kwanon. A Lome ya ba ni tsohuwar rigarsa, ya ce in na koma gida in gai da kogin Gummi. Ban sake ganinsa ba.

Na yi wata huɗu a Lome ina dako a kasuwa. Ban iya Faransanci ba, ban iya yarensu ba, in an zage ni sai in yi murmushi. Daga nan na bi wasu 'yan Sakkwato zuwa Ankara ta ƙasar Gana, inda na yi zazzaɓin da na ɗauka shi ne ajalina. Wata tsohuwa mai koko a Zango, Hajiya Memuna, ta riƙa aiko mini da koko da ƙosai har na miƙe. Ba ta san ni ba. Ta ce kakanta daga ƙasar Hausa ya zo, ba ta san ko wane gari ba, watakila namu ne. A kwancen nan babu abin da na yi marmari kamar hocen Inna da ɗan man shanu. Ina rufe ido in ga tsakar gidanmu, sai kuma in ga shuɗin ƙarfen nan tsaye a bayansa, in yi maza in buɗe.

A Takoradi na fara ganin teku da kyau, na kuma sami abin da na fito nema. Akwai wani babban fili inda ake haɗa bututai da ƙarafan jiragen haƙar mai. Wani Bazabarme mai tsaron ƙofa, Malam Isaka, da muke salla tare, ya yi mini hanya aka ɗauke ni lebura. Wata bakwai ina gurza ƙarfe ina share wuri, ina kallon masu walda ina cewa a raina na fi su hannu. Rannan shugaban aiki ya gaji da nacina na a gwada ni, ya ba ni bututu biyu ya ce in haɗa a gani.

Na haɗa. Waldar ta fito kamar kitso, layi a kan layi. Har leburori suka taru suna kallo. Sai aka ce a jira Anti Efuwa.

Ita ce mai duba aiki. Gajeruwar mace ce mai furfura a gaban goshi, ta girma kusa da Zango, tana jin Hausa irin tasu. Ta zo da wani akwati rataye a kafaɗa, mai ɗan gilashi a gaba, da waya da ta ƙare a wani ɗan ƙarfe kamar kwalin ashana. Ko kallon kyan waldar ba ta yi ba. Ta shafa wani abu mai kauri kamar koko a gefenta, ta ɗora ɗan ƙarfen, tana tura shi gaba tana jawo shi baya, idonta a kan gilashi. Wani koren layi yana kwance a ciki. Can sai layin ya miƙe tsaye kamar tsinke. Ta tsaya, ta koma, ya sake miƙewa. Ta ciro rawayan alli ta zana da'ira a kan aikina. Kafin ta zagaye bututun ta zana uku.

Ta kira ni da sunan jiharmu ta ce, "Zamfara, ga nan, ga nan, ga nan. Gurza ka sake."

Na ce, "Anti, ki duba da idonki mana. Ina aibin yake?"

"Ido ba ya shiga ciki. Ka taɓa yin kira a cikin rijiya?"

Na ce na taɓa.

"To, wannan kira yake yi a cikin ƙarfe, da muryar da kunnen mutum ba ya ji. Kokon nan don kada iska ta tare muryar ne. In hanya lafiya, ta wuce abinta, layi ya kwanta. In ta ci karo da rami ko tsaga, ta dawo ta gaya mini, har da zurfin wurin."

Mutane suna kallo, fuskata ta ɗauki zafin nan da na sani. Na ji bakina yana cewa, "Na'urarki ce ta gaji, Anti."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Yana yiwuwa. Gurza rabin kaurin. In ba ka sami komai ba, dokunu, tuwon masararmu, da kifinka na yau a kaina."

Na ɗauki injin gurza, tartsatsi yana tashi. Ban kai rabi ba sai ga baƙin layi kwance a cikin farin ƙarfe, kashin walda ne da ban kakkaɓe ba na bi ta kansa don sauri. Na gurza ta biyu, ramukan iska kamar gidan tururuwa. Ban ɗago kai ba. Ta leƙo ta ce, "Fuska kyau, ciki datti. Sannu, Zamfara."

Shugaban aiki ya ce in koma tsintsiya. Ita ce ta hana. Ta ce hannuna yana da kyau, haƙuri ne babu, kuma haƙuri ana koyonsa. Ranar ta saya mini dokunun duk da na faɗi.

Daga nan na koyi walda sabuwa. Na koyi kakkaɓe kowane layi kafin in ɗora wani, ko da babu mai kallo. Da'irorin allinta suka riƙa raguwa a kan aikina, har aka yi mako guda ba ta zana ko ɗaya ba. Wani lokaci takan ba ni ɗan ƙarfen in riƙe, ta ce in tafi a hankali kamar mai lalubar ƙaya a tafin ƙafa. In kokon kanti ya ƙare, sai ta dama garin sitacin rogo, ta ce ƙarfe bai san bambanci ba. Na fara aika wa Inna abin cefane. Duk Juma'a ina kiranta, in tambayi awaki, in tambayi damina, in ce a gai da Kawu. Ban taɓa tambayar tanki ba.

Wata safiya aka kawo tsofaffin bututai daga jirgi, aka ce a duba waɗanda za su moru. Na ɗauko mata akwati. Ta ce in ajiye tukuna. Ta ɗauki ƙaramar guduma, ta bi su tana bugawa, ta karkata kai. A na biyar ta tsaya, ta sake bugawa, ta ce a fitar da shi.

Na ce, "Anti, ke ma?"

"Ni ma me?"

"Guduma. Ga na'ura a hannunki."

Ta ce, "Wanda ya koya mini ya ce a fara da kunne. Na'ura tana kama ƙanana da kunne ba ya ji. Babbar tsaga kuwa, guduma ta isa. Me ya same ka, kamar ka ga fatalwa?"

Na zauna a kan bututu na gaya mata duka. Tsohon bututun, fotin, fentin, da maganar da na gaya wa Kawu. Ita ce mutum ta farko da ta ji daga bakina. Ba ta ce komai a kan rashin kunyata ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Su wa ke ɗiban ruwa a ƙarƙashinsa?"

"Mata. Har da uwata."

"Kuma kana nan kana cin dokunu."

A lokacin hutun rana na koma bayan fili na kira Inna. Ta tsorata, don ba Juma'a ba ce. Na ce lafiya lau, tanki nake tambaya.

Ta ce, "Tanki shina nan. Sai dai in iska ta taso shikan yi wani kuka. Kawunka dai ya sa kansa bakin mutane a kanshi."

"Me ya yi?"

"Tun makon da ka tahi ya ɗauko azara biyu ya tokare ta gehen masallaci. Ko wane ruwa anka yi sai ya tai ya duba. In gara ta ci, shi sake wasu. Har azarar ɗakinshi ya cire bara. Yara na kiranta sandar Bawa, manya na cewa hassadar aikinka shikai."

Teku tana ta bugun duwatsu a bayana. Na ce, "Ya yi maganata?"

"Cewa ya yi kar a hwaɗa maka. Kana ƙasar mutane, kar hankalinka shi tashi."

Na kira mai unguwa a take. Na ce don Allah a daina cika tankin, a tsaya a rabi, kuma kada mata su zauna a gindinsa har in zo. Ya tambaye ni me ya faru. Na ce in na zo zai ji. Ko a lokacin, da nisan ƙasa uku tsakaninmu, ban iya faɗa ba. Damina kuwa saura makonni kaɗan, kuma iskar farkon damina a wajenmu takan ɗauke rufin ɗaki.

Anti Efuwa ta yi wa shugaban aiki magana, ya ce wurina yana nan in na dawo. Da zan tafi ta sa mini guntun rawayan allinta a aljihu. Ta ce, "Kai za ka zana da kanka. Ka gai da tsohon, ka ce abokiyar aikinsa tana gaishe shi."

Kwana biyar na yi a hanya. A Malanbil na ga rumfar mai shayin, ban tsaya ba. Tun daga Kamba nake kallon gabas, hadari yana haɗuwa yana watsewa, ina roƙon Allah ya riƙe shi. A Gummi na sayi sabon bututu, na ɗaure shi a saman mota, na zauna a gefen taga ina riƙe da bakin igiyar har garinmu.

Daga nesa na hango tankin. Yana tsaye, ya ɗan karkata kamar mai ciwon ƙugu, azara biyu sun tokare shi. Fentin ya koɗe.

Washegari bayan la'asar na roƙi mai unguwa kada mutane su watse. Aka juye ruwan tankin a tuluna da jarkoki, aka ƙara azara. Na aika a kira Kawu. Ya zo a hankali, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu, ya tsaya a bayan mutane.

Na durƙusa a gindin ƙafa ta huɗu, na zana da'ira da rawayan alli. Na kankare fentin, fotin ya zubo kamar busasshen tuwo. Na yanke bututun, na ɗaga shi sama. Tsagar da na bari taƙi ɗaya ta kai kamu guda, ta kusa zagaye shi, cikinta ja wur da tsatsa. Na saka yatsa na ɓalle gefen da hannu. Wata mata ta ce, "Inna lillahi," ta jawo 'yarta baya. Mai unguwa ya karɓi guntun ya juya shi, ya dubi azarar, ya sunkuyar da kai.

Na rataye sabon bututun da igiya a reshen dogon yaro. Na ce, "Kawu, ba zan sa masa wuta ba sai ka ji shi."

Ya dube ni, ya sa hannu a aljihu, masabar tana nan. Mutane suka dare ya wuce. Ya buga sau ɗaya, ya karkata kai. Ƙarar ta tashi ta yi tsawo, har ta ƙare babu wanda ya yi tari.

Ya ce, "Wanga lahiya lau shike. Ta da injinka, hadari na tahe."

Na ce akwai abin da ya riga ta da injin. Na cire hula, na durƙusa a gabansa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta a wancan karon, don na bayan ma su ji.

"Jama'a, tsagar nan ba daga baya ta zo ba. Na gan ta da idona, na rufe ta da hannuna. Ranar da Kawu ya ce ƙafar ba ta da lafiya, na san gaskiya ya faɗa, na ce kunnensa ya tsufa don in rufe kunyata. Shekara biyu matanku da uwata suna ɗiban ruwa a ƙarƙashin ƙaryata, shi yana tokare ta da azarar ɗakinsa, ana ce masa mai hassada. Ku yafe mini. Kawu, kunnenka lafiya lau yake, ni ne mai ciwon a ciki. Na ci mutuncinka a gaban mutanen nan, a gabansu nake roƙonka. Don Allah ka yafe mini."